Hasumiya a Bangon Inna

Yau kwana tara ke nan da zaman da aka yi da mu a zauren umda, wato mai unguwarmu, amma har yanzu in zan sha shayi sai na riƙe kofin da hannu biyu. Inna ta ce in daina, wai kamar wata tsohuwa. A cikin maganganun da ta yi mini tun daga ranar, wannan ce mai tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin ko zai sauka daga ƙirjina, don in na ci gaba da haɗiyewa, wata rana zan huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, alhali mai laifin yana can wata uwa duniya yana ƙirga tagogi.

Mai laifin yayana ne. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna. A Omdurman ta ƙasar Sudan muka tashi, inda iyayenmu suka yada zango a kan hanyar Hajji, zangon da ya zama zama. A can Baba ya sa mu makaranta, har da ni, duk da surutun mutane, na yi har sakandare, na iya Turanci daidai gwargwado. Da Baba ya rasu, Kawu, ƙanin Inna, wanda ya daɗe a Makka yana ɗinkin huluna, ya aiko muka ƙetaro ni da ita, muka sauka a ɗaki biyu na katako da kwano a unguwar Tandabawi. Yaya ya tsaya a can yana koyarwa, daga baya aka tura shi Ingila ƙaro ilimi na shekara guda. Alkawarin da aka yi shi ne da ya gama zai zo mana kafin Hajji, ya sauke farali, Inna ta sa shi a ido. Shekara uku rabonta da shi, kuma tarin da take yi ba ya barin mutum ya ce akwai sauran lokaci da yawa.

A lungunmu ba a kawo wa kowa wasiƙa har gida. Duk wasiƙun unguwa kantin wani Balarabe mutumin Hadramaut ake kaiwa, a bakin hanya. Yana da igiya da ya ja daga kusurwa zuwa kusurwa a saman buhunan shinkafa, a nan yake rataye su. Wanda ya zo sayen sukari, in ya ga ta maƙwabcinsa, sai ya tafi masa da ita, in kuma ba hanyarsa ba ce ya miƙa wa wani. Wasiƙa takan bi hannu huɗu ko biyar kafin ta iso. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka, domin mutanen kirki a ambulan suke sa wasiƙa. Yayana kuwa kati yake aikowa, irin mai hoto a gaba da rubutu a baya, tsirara, kowa ya gani.

Na farkon ya iso bayan wata biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Hoton wani ƙaton gini ne na dutse, da hasumiya mai kusurwa huɗu a tsakiya, doguwa har ta kusa fita daga katin, ga wasu biyu a gaba, ga tagogi masu tsini kamar ƙirar allo. Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, hawaye na bin fuskarta, sannan ta ce, "Ashe suna da masallaci haka a can. Masallacinsu ne, ko?"

Na san ko mene ne. Na sha wucewa ta gaban cocin Turawa a Hartum, wanda mutanen nan suke kira kanisa. Amma wata biyu na yi ina jin matar nan tana juyi a kan tabarma tana cewa an kai mata ɗa ƙasar da ba a kiran salla. Sai na ce, "E, Inna, masallaci ne."

Ta soke katin da allura a jikin tabarmar da muka rufe bango da ita, daidai saman akwatinta. Sannan ta ce in karanta mata abin da ya rubuta.

Ga abin da ya rubuta, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa sun yi layi: wai an kai su wani tsohon gari kusa da teku, a nan za su yi karatun. Wai ginin nan ba a lokaci ɗaya aka yi shi ba, gobara ta ci shi, aka sake, wani sashe ya girmi wani da ɗaruruwan shekaru, kuma in mutum ya lura da bakin tagogi zai gane, na dā zagayayyu ne, na baya masu tsini. Wai dutsen ma daga ƙetaren ruwa aka kawo shi. Shi ke nan. Babu ina gaida Inna, babu ina lafiya, babu yaya Kawu. Wuri ya ƙare masa a kan bakin taga.

Na ɗaga kai na ce, "Yana gaishe ki da kyau da kyau. Ya ce yana lafiya, yana samun abinci mai kyau, ki sa shi a addu'a in kin shiga Harami."

Daga nan abin ya zama kamar ciwon da ake sosawa. Duk bayan kwana goma ko sha biyu sai ga wani. Sunan garin bai zauna a bakin kowa ba a gidanmu, sai muka riƙa ce masa Garin Hasumiya. Wani katin ganuwar garin ce, wai Rumawa suka fara gina ta, har yanzu ana hawa a yi yawo a kai. Wani ƙofar gari ce mai kafaɗu biyu kamar rumbuna, wai ta taɓa zama kurkuku. Akwai na wani ɗan kogi da gidaje suka tsoma ƙafa a ciki, gidajen masaƙa da suka gudo daga wata ƙasa. Akwai na unguwar da aka yi wa ruwan bom a yaƙin da ya wuce, wai da aka kwashe ɓaraguzai sai aka tarar da daɓen Rumawa a ƙasa, kuma wai abin ya faranta masa rai ƙwarai. Mutane sun rasa gidajensu, shi daɓe ya gani. Ni kuwa kowane kati sai na ƙirƙiro masa gaisuwa sabuwa, har na fara sa masa ciwon kai da mura don kada Inna ta ga lafiyar ta yi yawa.

Sau biyu ina rubuta masa cewa don Allah ya riƙa sawa a ambulan, ya kuma riƙa gaida mahaifiyarsa. Ya amsa a layi ɗaya, wai ai amfanin kati ke nan, ba ya son ambulan, sannan ya koma kan ganuwa. Ban gaya masa ƙaryar da na yi ba, kunya ta hana ni. Na kuma ɗauka mutumin da ya kai matsayin koyar da 'ya'yan mutane zai tuna da kansa wane gari yake aiko wa hoton kanisa.

Bangon Inna ya cika. Duk wadda ta shigo sai an nuna mata. "Ga inda yake salla. Dubi hasumiya. Ladaninsu ai sai mai ƙarfin gwiwa."

Wadda ta kwance mana zani a kasuwa wata Hajiya ce ta bayan gidanmu, da ta yi shekaru tana wanki da guga a gidajen Turawa a Hartum. Rariya ta zo ara. Ranar kuwa an kawo wanda ya fi kowanne, don wannan karon ba katin saye ba ne, hoton Yaya ne da kansa, tsaye a bakin ƙofar ginin, cikin kwat, kai babu hula, yana murmushi kamar gidan ubansa, ga gumakan dutse jere a samansa. Hajiya ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa tabarma. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi rariyarta, ta ce, "Allah ya dawo miki da shi lafiya. Da imaninsa." Ta fita.

Kwana uku bai cika ba labari ya zaga Tandabawi ya dawo da 'ya'ya. An ce ya shiga addininsu. An ce an yi masa wanka a cikin kogin nan na hoto. An ce shi ke kaɗa musu ƙararrawa. Matan da ke shigowa shan shayi suka ɗauke ƙafa. Ran na huɗu Kawu ya dawo tun kafin azahar, abin da ba ya yi, ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, ya ce umda yana nemanmu gobe bayan la'asar, da katunan duka.

Wanda bai zauna a garin nan ba zai ga kamar tsegumin mata ne kawai. Makka ba ta shiguwa ga wanda ba Musulmi ba. Umda shi ne mai unguwa, kuma in magana irin wannan ta zo kunnensa ya yi shiru, wani ya kai ta gaba, shi za a fara tambaya. In ya rubuta wa na sama da shi, sunan Yaya zai riga shi isa bakin ruwa a Jidda. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a mayar da shi cikin jirgin da ya kawo shi. Wanda ya fi wannan ba na son in rubuta shi. Ko ta yaya, Inna ba za ta gan shi ba.

Ita kuwa ko a jikinta. Tana zare allurai daga bango tana cewa, "Su je su yi ta faɗa. Masallaci ne. 'Yata ta karanta mini, ita da ta yi boko." Yini guda da kwana ina da damar gaya mata. Na buɗe baki ya fi sau goma, sai in ji na ce ko in ɗora ruwan zafi.

A zauren umda an ja labule a gefe ɗaya, ni da Inna muka zauna a baya. Ta ƙasan labulen ƙafafu kawai nake gani. Akwai na umda cikin takalmin fata mai kyau. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Katsina, Hausarsa rabi Larabci. Akwai na wani tsohon malami, mutumin wajen Sakkwato, wanda ke ba da karatu a masallacin lungu, kuma ba a san shi da wasa ba. Akwai na Kawu, yatsunsa sai motsi suke. Na huɗun na wani wakili ne da ke tarbar alhazai a Jidda a madadin masu yi musu jagora, ya tsinci Turanci a takardun jiragen ruwa. Shi aka kawo ya tsare ni. Tsarin shi ne ya duba kati, ya turo ta ƙasan labule, in karanta da Turanci a bayyane, in mayar da Hausa, in tura masa, ya ce daidai ne ko ba daidai ba. Ƙofar ƙarya ta rufe ke nan.

Katin farko ya shigo ta ƙasan labule. Umda ya ce, "Ya binti, kafin karatu. Wannan ginin mene ne?"

Hannun Inna yana kan gwiwata. Na ce, "Kanisa ce, ranka ya daɗe."

Hannun kawai ta ɗauke, ta sa a cinyarta.

"Tayyib. Karanta."

Na karanta tagogi zagayayyu da masu tsini. Wakili ya ce daidai ne. Kowa yana jiran wurin da ridda za ta fito, ba ta fito ba. Aka turo na ganuwa.

Malam ya ce, "Rumawan da aka ambata a cikin Littafi?"

"Ina jin su ne, Allah ya gafarta Malam."

"To me ya kai su can?"

"Ya faɗa, amma a kati na huɗu."

"Allah ya kai mu."

Haka muka yi ta tafiya, ƙofar gari, kogi, masaƙa, daɓe. Su kuwa sun fara gyara zama kamar masu jin tatsuniya. Da muka zo kan katin matakala sai abin ya ƙwace. Hoton wasu matakalu ne na dutse da tsakiyarsu ta lotse kamar tsohon turmi. Yaya ya rubuta cewa a dā can an kashe wani babban limaminsu a cikin ginin, mutanen sarki ne suka sare shi, sai kabarinsa ya zama wurin ziyara. Mutane suka riƙa tahowa daga ko'ina, ayari-ayari, wasu a ƙafa, wasu a kan doki, in sun iso su hau matakalan nan da gwiwa, shi ne dutsen ya lotse. Garin duka ya koma cin abinci da baƙi, masu masauki, masu sayar da 'yan tambura na dalma da ake maƙalawa a hula don a san mutum ya je, da masu sayar da ruwa a 'yan kwalabe.

Wakili ya manta aikin da aka kawo shi. "Ayari-ayari? To wa ke tarbarsu? Suna da masu jagora, ko kowa tasa ta fisshe shi?"

"Bai faɗa ba."

"Mutum nawa suke zubawa a ɗaki?"

"Bai faɗa ba."

"Kai, wannan yayan naki bai iya tambaya ba. Ruwan fa, na rijiya ne?"

Kawu, da tun shigowarmu bai yi tari ba, na ji dariya ta kuɓuce masa ya mayar da ita atishawa. Malam ya ce wannan duk shirka ce tsagwaronta, kuma ba abin dariya ba ne. Na ci gaba, na karanta inda ya ce daga baya wani sarkinsu ya sa aka rushe kabarin, aka kwashe zinariyar da ke kai, ziyara ta mutu. Malam ya ce, "To wannan dai ya yi abin kirki, ko da kafiri ne." Umda ya yi gyaran murya ya ce a turo na gaba, don a garin nan ba a tsawaita hira a kan rushe kaburbura, tun da hukuma ta rushe na nan.

Na gaban shi ne wanda nake tsoro tun daga gida. Hoton cikin ginin ne, ginshiƙai sun tashi sun haɗe a sama kamar dabinai. Na san abin da ke bayansa. Na yi tunanin in tsallake layi biyu, sai na tuna wakili ya riga ya bi shi da yatsa. Na karanta. Yaya ya ce wata rana da yamma ruwa ya tare shi a ciki, ya zauna a can baya, sai ga mawaƙansu sun shigo sun fara rerawa, sautin ya hau rufin ya daɗe bai sauko ba, kuma bai taɓa jin gini ya riƙe murya haka ba.

Wannan karon ba wanda ya gyara zama. Na ga ƙafar Kawu ta daina motsi.

Malam ya ce, "Ya shiga. Ya zauna. Ya saurara. Ya yaba. Saura me?"

Na ji kamar labulen yana matsowa. Sai na ji muryar Inna a gefena, ita da ba ta taɓa magana a gaban maza baƙi ba.

"Allah ya gafarta Malam, yaron nan ni na haife shi. Tun yana ɗan shekara bakwai in ya ga gini sai ya shiga. Ya taɓa ɓace mana yini guda a tashar jirgin ƙasa, muka same shi kwance a ƙasa yana kallon ƙarafan rufi. Ba a ce ya zama jirgi ba. Wauta gare shi, na yarda, ubansa ma ya yi fama. Amma wauta daban."

Malam ya ce, "Hajiya, uwa ba ta shaidar ɗanta."

Umda ya ce saura nawa. Wakili ya ce ɗaya, ya faɗo daga tsakiya ne aka mayar da shi ƙarshe. Da na gan shi na gane shi. Shi ne mafi gundura a cikinsu duka, zanen ginin daga sama, kamar an yanka shi an shimfiɗa. Ranar da ya zo na karanta layi uku, na ga yana ba ni labarin taku nawa ya ƙirga daga wannan ƙofa zuwa waccan, haushi ya kama ni, na ƙirƙiro wa Inna gaisuwa na soke shi a bango. Yanzu dole na bi shi har ƙasa. Taku kaza tsawo, taku kaza faɗi. Sannan ya ce magina na dā sun daidaita ginin ne ya fuskanci gabas sak, haka suke yi wa irinsa duka. A can ƙasa, inda rubutun ya matse ya hau gefen kan sarki, ya ƙara cewa wannan ya yi masa amfani, domin a garin rana takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, ya sha wahalar gane gabas a ɗakin da aka sauke shi, amma yanzu sai ya leƙa taga ya ga yadda ginin ya miƙe, ya karkata dama kaɗan, ya ta da salla.

Na tsaya. Na sake karantawa da Turanci, don ban yarda da idona ba. Kati goma sha ɗaya, layi ɗaya tak ya yi maganar kansa, shi ma don ya yabi magina ne.

Wakili ya karɓa ya daɗe yana bi. Ya ce haka ne, ba ta ƙara ko wasali ba.

Umda ya ce, "Karkata dama. Sahih ne? Daga can alƙibla haka take?"

Wakili ya ce ya sha ganin taswira a ɗakin masu tuƙin jirgi, ƙasar tana arewa da mu ta wajen yamma, saboda haka wanda ya fuskanci gabas ya ɗan karkata dama bai yi nisa da daidai ba. Malam ya ce wato da kanisa yake neman Ka'aba. Wakili ya ce matafiyi da tauraro yake nema, da dutse, da duk abin da ya tsaya wuri ɗaya. Suka ɗauki lokaci suna ja, har da nassi. A ƙarshe Malam ya ce, da murya kamar ana cire masa haƙori, wanda ya bar salla dai ba ya wahalar neman alƙibla. Amma ya ce yaron yana buƙatar wanda zai zaunar da shi, kuma shi zai yi wannan aikin da kansa.

Umda ya yanke. Ya ce ba zai rubuta wa kowa ba a yanzu. Katunan za su zauna a wurinsa. Yaya ya aiko masa da wasiƙa da Larabci, da hannunsa, a cikin ambulan, kuma ranar da ya sauka, kafin ya ga uwarsa, shi zai fara gani. Sannan ya rage murya ya ce wa Kawu, "Isma', saurara, ya shaikh. Ni na rufe. Amma in wani katin ya sake rataya a igiyar can, wanda ba ɗan unguwa ba ya gani ya kai gaba, halas, ba hannuna."

A hanyar gida Inna tana gaba ina binta. Sai da muka shiga lungunmu ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Gaisuwar da kike karanta mini fa?"

"Ni nake ƙarawa, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"Murar da ya yi?"

"Ita ma."

Ta yi 'yan taku. "Har sadaka na yi a kan murar nan."

Washegari na rubuta masa shafi huɗu. Ban taɓa yi wa wanda ya girme ni irin wannan rubutu ba, kuma ban yi nadama ba. Na gaya masa ƙaryata, na gaya masa zauren umda, na ce in ya sake aiko mana da ko hoton bulo ɗaya ne, to ya nemi wata ƙanwar. Kawu ya ba wani direba ya saka a gidan waya na Jidda don ta fi sauri. Amma ko da saurin, sai ta yi kusan mako uku kafin ta same shi, kuma shi can bai san an yi komai ba. A lissafina akwai kati biyu ko uku da suka riga suka baro hannunsa. Saboda haka duk ranar da ake kawo wasiƙu, Kawu yakan kwashi ɗinkinsa ya tafi kantin ya zauna tun safe, yana shan tsokanar mai kanti, wai ko ya zo neman aikin awo ne. Shekaranjiya ya kama ɗaya tun daga hannun mai kawowa, ya cusa a cikin hular da yake ɗinki. Ƙararrawa ce, ƙatuwa, da wani Bature tsaye a gefenta don a ga girmanta. Ban karanta bayan ba sai da na tabbata ba mai kallona, kuma na bi rubutun har gefen kan sarki ko akwai gaisuwa. Nauyinta ya faɗa, da shekarar da ta tsage. Na sa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar shayi.

Ni har yanzu ko sallama aka yi da ƙarfi a ƙofa sai na leƙa in ga ko aike ne daga umda. Inna kuwa jiya da hantsi ta aika aka kira mai shiɓar auduga. Ta sa aka fito da tsohuwar katifar Baba, aka farke ta a tsakiyar lungu inda kowa zai wuce, mutumin ya zauna da bakansa yana kaɗawa, auduga tana tashi tana sauka a kan mayafan masu wucewa. Ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa tana tari tana ba shi umarni. Ina daga ciki na ji muryar Hajiyar bayan gidanmu tana tambaya wannan gyara haka na wane ne.

Inna ta ce, "Na ɗana ne. Yana tafe kafin Arfa. Malam, ƙara shiɓa ta wajen kai, ba ya son tauri."